Gurmin Mahaifina

Ni mutumin Durun ne, a ƙasar Kabo, maƙwabtan Gwarzo, yamma da birnin Kano. Yanzu furfura ta cika mini kai, jikokina sun fara tasawa. Abin da na ke so in ba ku labarinsa a nan shi ne wani gado da na yar da hannuna tun ina saurayi, ban kuwa san darajarsa ba sai da na ga yadda waɗansu mutane can ƙetaren teku su ka riƙe irin nasu. Ba labarin daɗi ba ne gare ni, amma na ga ya kamata in faɗa, ko wani ya ji ya shafa wa gemunsa ruwa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomi ne. Da damina ba abin da ya sani sai gero da dawa da gyaɗa da 'yar auduga. Amma da zarar an yi girbi, an kai amfani rumbu, sai ya saukar da gurminsa daga inda ya ke rataye shi a zaure, ya kaɗe ƙura. Ga wanda bai taɓa ganin gurmi ba, ƙoƙon duma ne a ke yankewa, a rufe bakinsa da fata, a soka sanda ta ratsa shi, sa'an nan a ɗaura tsarkiya daga kan sandar zuwa gindin ƙoƙon. Da yatsa a ke kaɗa shi. Ba shi da ƙara kamar ganga ko kalangu, sai wata murya ƙasa-ƙasa, kamar ta dattijo mai ba da labari. Mahaifina ya gaje shi ne daga nasa uban, shi kuma daga nasa.

Kaka ita ce lokacinsa. Sa'an nan ne kowa ya ƙoshi, samari sun sayar da gyaɗa sun sami 'yan sulalla, ana kalankuwa gari gari, ana kokawa a dandali da farin wata. Shi ne ya ke yi wa 'yan kokawa kiɗa, yana zuga su, yaransa biyu suna amshi. In an tashi daga kokawa, dattawa su kan ce ya zauna tukuna, su shimfiɗa buzu, ya yi musu na da. A nan ne ya ke fito da waƙoƙin da ya karɓa daga kakana. A cikinsu akwai sunayen waɗanda su ka sari dajin da mu ke nomawa, da wanda ya haƙa tsohuwar rijiyar unguwarmu, da labarin shekarar da fara ta cinye gero, da ta yunwar da ta sa mutane su ka watse. Ina yaro na sha ganin tsoho yana share hawaye da bakin rawaninsa, don an ambaci ubansa wanda kowa ya manta.

To, ina cikin wannan hali har na kai munzali, na ga wata yarinya a wani ƙauye kusa da mu, na nuna ina so. Aka aika manya. Da su ka komo ba su gaya mini kome ba, sai a bakin abokai na ji cewa kawun yarinyar ya ce su ba su haɗa iri da maroƙa. Wannan magana ta soke ni ƙwarai. Ba a yi kwana bakwai ba, ran nan da dare mahaifina ya kira ni zaure, ya miƙo mini gurmin, ya ce, "Zo zauna, lokaci ya yi da za ka fara sa hannu, ni ƙarfina ya soma ja baya."

Ban karɓa ba. Na sunkuyar da kai, na ce, "Baba, ka gafarce ni, ni ba zan yi roƙo ba."

Ya daɗe yana dubana. Bai yi faɗa ba, bai zage ni ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka a abin da ka zaɓa." Ya tashi ya mai da gurmin inda ya ke rataye shi. Bai sake yi mini maganar ba har ya bar duniya.

Na tafi Kano na koyi ɗinki, Allah ya rufa mini asiri, na yi aure, na haifu. A 1984, shekarar da fari ya matsa wa ƙasarmu, mahaifina ya rasu. Da aka zo rabon gado kowa ya ɗauki rabonsa na gona da fartanya da tumaki, ba wanda ya ce uffan a kan gurmi. Ya zauna nan a rataye, fatar ta bushe ta tsage, gara ta ci sandar. Da ginin zauren ya zube wata damina, aka kwashe shi tare da ƙasa aka zubar. Ni kuwa ko a jikina. Da ƙarfina ya ragu na komo gida Durun, na ci gaba da 'yan ɗinke-ɗinke da noma.

Ana nan, cikin daminar 2022, wani jikana mai karatu a Kano ya zo hutu. Wata rana da la'asar ruwa ya tsare mu a zaure, yana ta latse-latsen wayarsa, sai na ji wani sauti ya fito daga cikinta wanda ya sa gabana ya faɗi. Na ce, "Kai, wane ne wannan mai gurmi?"

Ya yi dariya, ya ce, "Tsoho, kunnenka ya fara tsufa. Wannan ai a Amurka ne, ba gurmi ba ne, banjo a ke ce da shi."

Na ce ya matso da ita. Na ga wani fili mai ciyawa kore shar, jama'a sun cika shi maƙil, waɗansu a zaune bisa barguna, waɗansu a tsaye, yara suna guje-guje, rana tana haskawa. A bisa wani dandamali ga baƙaƙen fata uku, maza biyu da mace guda. Ɗaya yana goga goge irin na Turawa, ɗaya yana busa bakin wani tulu yana fid da amo mai kauri kamar na shantu, can kuma ya ajiye tulun ya kama waɗansu ƙasusuwa yana kaɗa su tsakanin yatsunsa. Macen tana riƙe da wannan banjo, abu mai zagayayyen ciki rufe da fata da dogon wuya, tana sarar tsarkiyar da bayan farce, babban yatsa yana biye. In ɗaya ya ba da waƙa sauran su amsa. Ko kalma guda ban ji ba ta Turancinsu, amma na san wannan hannu.

Jikana ya ce sunan ƙungiyar Carolina Chocolate Drops, aikinsu kuwa shi ne tono kiɗe-kiɗen kakanninsu na shekaru ɗari da su ka wuce, su yi su yadda a ke yinsu a da. Ya ce irin wannan taro a fili a kan yi shi ne tsakanin Yuni da Agusta. Watau lokacin da mu mu ke duƙe a gona, su sa'an nan ne sanyi da ƙanƙara su ka sake su, yini ya yi tsawo, kowa yana marmarin fita waje. Abin da kaka ta ke gare mu, shi waɗannan watanni su ke gare su.

Tun daga ran nan na hana yaron nan sakat. Kullum bayan sallar isha'i sai na sa shi ya nemo mini labarin wannan kiɗa ya fassara mini. Ga taƙaitaccen abin da na tsinta.

Baƙaƙen Amurka jikokin bayi ne waɗanda aka kwasa daga ƙasashen Afirka cikin jiragen ruwa, aka kai su noman rake da taba da auduga. An raba su da kome nasu, amma ba a iya raba su da abin da ke cikin kansu ba. Da su ka sami duma a can, sai su ka yanke shi, su ka rufe da fata, su ka soka sanda, su ka ɗaura tsarkiya, kamar dai yadda su ka saba a gida. Asalin banjo ke nan, tun fiye da shekara 300 da su ka wuce, a tsibiran Karibiyan, kafin ya haura Amurka. Daga baya ne masana'antu su ka mai da cikinsa na katako da ƙarfe. Ganga kuwa iyayengijinsu sun ji tsoronta, don kada a yi amfani da ita a kira tawaye, har a jihar Karolina ta Kudu aka kafa doka a 1740 aka hana bayi riƙe ta. Saboda haka a wurare da yawa kayan tsarkiya da murya su ne su ka rage musu.

An hana bauta a Amurka a 1865, amma wahala ba ta ƙare ba. Yawancinsu ba su da gonar kansu, sai su noma ta mai ƙasa a raba amfani, shi ne kuma ya ke ba su bashin iri da abinci, in kaka ta yi a yi lissafi, sau da yawa manomi ya tashi da bashi a wuya. A cikin wannan hali ne, a gonakin audugar da ke bakin kogin Misisifi, wani irin kiɗa ya tsiro wanda su ke kira buluz. Mutum guda ne da jitarsa, ya rera baiti, ya maimaita shi, sa'an nan ya kawo na uku ya rufe maganar, jitar tana amsa masa kamar ɗan amshi. Yana jan murya yana lanƙwasa ta, kamar mai kiran wani daga nesa. Abin da su ke waƙa a kai shi ne bashi, da ƙwaron da ke cin auduga, da ambaliyar kogi irin wadda ta ci garuruwa a 1927, da matar da ta yi yaji, da tafiya ci-rani manyan birane irin su Chikago. Da na ji haka na ce, ashe manomi duk inda ya ke kukansa ɗaya ne.

Shi kuwa jaz ɗan birni ne. An haife shi a Niyu Olins, wani gari na bakin teku inda kogin nan ya ke faɗawa. A nan an bar bayi su riƙa taruwa ran Lahadi a wani fili su yi kiɗa da rawa irin na gida. Da zamani ya juya, jikokinsu su ka sami ƙahonin tagulla irin na 'yan badujala, su ka zuba musu salon buluz, kowa yana ƙaga nasa nan take yana amsa wa ɗan'uwansa. An fara ɗaukar jaz a faifai a 1917. Sarkin mabusansu shi ne Louis Armstrong, wanda ya tashi cikin talauci a wannan gari har sunansa ya game duniya. A 1960, shekarar da mu ka sami mulkin kai, ya zo Nijeriya da jama'arsa, har ya iso Kaduna ya gana da Sardauna, Sir Ahmadu Bello, akwai hotonsu tare suna dariya. Na tsaya ina duban hoton nan. Firimiyan Jihar Arewa ne zaune da mabushi, ba wanda ya ke jin kunyar wani.

Kada mai karatu ya ce tsoho ya ruɗe, yana cewa buluz namu ne. Ba namu ba ne, nasu ne, da wahalarsu su ka saye shi, sun kuma gauraya shi da abubuwan da su ka tarar a can. Hausawan da aka ƙetarar da su ma yawancinsu ƙasar Birazil aka kai su. Amma dangantaka tana nan. Wani masani mutumin Ostiriya, Gerhard Kubik, wanda ya yi shekaru yana yawo a Afirka yana ɗaukar kiɗe-kiɗe, ya wallafa littafi a 1999 inda ya nuna cewa salon jan murya na buluz ya fi kama da na ƙasashenmu na sarari, daga Mali har zuwa ƙasar Hausa da arewacin Kamaru, ƙasashen goge da garaya da molo. Ali Farka Toure na Mali, manomi kuma makaɗi, wanda ya rasu a 2006, shi ma ya sha faɗin cewa da ya fara jin faifan buluz ya gane kiɗan gida ne ya yi tafiya. Ashe kunnena bai tsufa ba.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Abin da ya hana ni barci shi ne jin cewa su ma nasu ya kusa mutuwa, don abin da ya kusa kashe shi shi ne ya kashe namu. Zamani ya kawo sababbin kiɗe-kiɗe na lantarki, samari su ka ce na da kiɗan ƙauye ne, yana tuna musu da bauta da noman auduga, su ka juya masa baya.

Akwai wani mai jita, John Hurt, mutumin wani ɗan ƙauye da a ke kira Avalon a jihar Misisifi. A 1928 aka ɗauki waƙoƙinsa a faifai, amma ba su yi kasuwa ba, ga kuma karayar arziki ta auko wa ƙasar a shekara mai biye. Ya koma ƙauyensu, ya ci gaba da noma da kiwon shanun mutane, duniya ta manta da shi har shekara 35. Waɗansu samari masu tara tsofaffin fayafayi su ka ji ya ambaci sunan garinsu a cikin wata waƙa, ɗayansu ya nemi garin a taswira, ya tafi a 1963, ya tarar da tsoho da ransa, hannunsa bai mutu ba. A wannan shekara aka kai shi babban taron kiɗa da a ke yi a fili a garin Niyufot cikin watan Yuli, ya hau dandamali yana da kusan shekara 70, dubban mutane su ka yi tsit suna sauraro. Ya rasu a 1966. Da wannan saurayi ya yi jinkirin shekara huɗu, da kabari zai tarar.

Su kuwa waɗannan uku da na gani a waya, labarinsu ya fi kama ni. Sun haɗu ne a 2005 a wani taron masu banjo a jihar Karolina ta Arewa. A nan su ka ga wani tsoho mai goge, Joe Thompson, wanda aka haifa a 1918, ya gaji kiɗan daga ubansa, yana kuwa cikin na ƙarshe da su ka rage masu wannan salo a cikin baƙaƙen fata. Dukansu uku masu ilmi ne, macen ma, Rhiannon Giddens, ta yi karatun waƙa irin ta Turawa a babbar makaranta. Duk da haka su ka ajiye girman kai, kowace Alhamis da dare su tafi gidan tsohon a garin Mebane, su zauna gabansa, ya goga su bi, in sun kuskure ya sake. A 2011 su ka ci babbar lambar yabo ta mawaƙan Amurka da a ke kira Grammy. Tsohon ya ga haka da idonsa, ya rasu a 2012 yana da shekara 93. Ƙungiyar ta watse daga baya, kowa ya kama gabansa, amma kiɗan ya riga ya sauya hannu.

Na ce a raina, waɗannan ai Amurkawa ne, suna da kuɗi. Sai jikana ya kawo mini labarin Malam Maman Barka na Nijar, malamin makaranta kuma mashahurin mai gurmi. Da ya ji cewa saura mutum guda tak wanda ya iya kaɗa biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar na masuntan Buduma a tafkin Chadi, sai ya tashi a 2002 da taimakon hukumar UNESCO, ya tafi wurin wannan tsoho, Bukar Tar, ya zauna ya koya, har tsohon ya ba shi biram ɗinsa. Ya zaga da shi ƙasashen Turai kafin ya rasu a 2018. Shi ya bar garinsu ya je neman gadon waɗansu, ni kuwa an miƙo mini nawa a zauren gidanmu na ƙi karɓa. Da na sani ƙeya ce, a baya ta ke.

Ran nan na kwana ina juyi. Can wajen asuba na tuna cewa ɗaya daga cikin yaran mahaifina masu amshi yana da rai, a wani ƙauye wajen Gwarzo. Da gari ya waye na ce jikana ya ɗauko babur. Mu ka tarar da shi zaune a gindin wata tsamiya, idonsa ya tafi, yana jan carbi. Na durƙusa na gai da shi, na faɗi ko ni wane ne. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Ɗan maigida! Ashe kana tunawa da mu?"

Na ce, "Baba, na zo roƙo ne, ni da na ce ba zan yi roƙo ba. Abin da mahaifina ya miƙo mini na ƙi, shi na zo nema."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ina zauren ran nan, a bayan ƙofa. Da ka fita, maigida bai ci tuwo ba." Wannan ban taɓa sani ba sai a ran nan, bayan fiye da shekara 40. Ya ce, "Kai yatsunka sun sandare, allura ta cinye su. Wane ne wannan da na ji motsinsa a bayanka?" Na ce jikana ne. Ya ce, "To, bar mini shi."

Na zaci yaron zai noƙe kamar yadda na yi, sai na ji ya ce, "Na yarda, Baba." Mu ka nemo duma da fata, tsohon yana faɗa muna yi, yana shafawa da hannu yana cewa a ƙara ja ko a sassauta, har gurmi ya tashi. Duk hutu yaron ya kan tafi can ya yi kwanaki. Tsohon ba makaɗi ba ne na sosai, ɗan amshi ne, saboda haka da baki ya ke yin kiɗan, yaron yana nema a tsarkiya har ya dace. Waƙoƙin da ya iya tunawa daga farko har ƙarshe ba su wuce bakwai ba. Waɗansu amshin kawai ya rage, jikin waƙar ya tafi. Ta rijiya, wadda na fi so, ko baiti guda bai dawo ba. Sunan wanda ya haƙa rijiyar da mu ke sha har yau ya bi mahaifina kabari, ni ne kuwa na rufe shi.

Da kaka ta yi, bayan an kai amfani gida, na share ƙofar gidanmu, na sa aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗauko tsohon a kan babur. Ban yi shela ba, amma kafin a jima wuri ya cika. Jikana ya kama gurmi hannunsa yana rawa, tsohon ya ba da waƙa da 'yar muryar da ta rage masa. Ba wani gwanin kiɗa aka yi ba, yaron ya yi kuskure ba sau ɗaya ba. Amma da aka zo kan sunayen manoman da, sai wata tsohuwa daga cikin mata ta rangaɗa guɗa, ta ce kakanta ne aka ambata, rabonta da jin sunansa tun tana amarya. Samarin da su ka zo don su yi dariya su ka ciro wayoyinsu suna ɗauka.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Washegari wani ɗan'uwana ya same ni, ya ce na tsufa ina zubar da mutuncin gida, ina mai da jikana maroƙi bayan Allah ya fid da mu. Wani kuma ya ce kiɗa ba abin da dattijo zai tara mutane a kai ba ne. Ban yi musu da su ba, gama na san inda maganarsu ta fito, ni ma na taɓa tsayawa a nan. Gaskiya ne akwai kiɗan da ke tafe da shaye-shaye da batsa, akwai kuma roƙon da ya ke cin mutunci, wanda in ba ka bayar ba a yi maka zambo. Ba na kare waɗannan. Hukuncin kiɗa kuma na bar wa malamai, su ne su ka san inda su ka saɓa da inda su ka haɗu. Abin da na sani shi ne mahaifina bai taɓa barin salla don gurmi ba, bai zagi kowa da shi ba, da guminsa na noma ya ciyad da mu. Abin da ke cikin ƙoƙon nan tarihin garinmu ne, ba a kuwa rubuta shi a ko'ina ba.

Wani zai ce, ai yanzu akwai rediyo da waya, muryoyin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Haruna Uji mai gurmi duk suna nan a ajiye, me ya ɓace? Lalle wannan abin godiya ne. Amma waɗannan su ne su ka yi suna har aka kai su gidan rediyo. Kowane gari yana da nasa ƙaramin makaɗi wanda ba wanda ya taɓa ɗaukarsa, shi ne kuwa ya san sunayen mutanen wurin. Ban da haka, faifai kamar hatsin da ke cikin rumbu ne, ana ci yana amfani, amma ba ya tsiro a can. Sai an fid da iri an kai gona. Faifan John Hurt ya yi shekara 35 a ajiye, bai koya wa kowa yadda tsohon ya ke ɗora yatsa ba sai da aka je aka zauna gabansa. Ni ma na rubuta waƙoƙin nan bakwai a littafi na adana, amma takarda ba ta da murya.

Saboda haka, ya ɗan'uwana mai karatu, ga roƙona gare ka. Duba cikin garinku. In akwai tsoho mai garaya, ko mai kukuma, ko mai gangar noma, ko tsohuwa mai waƙar niƙa da ta daɓe, je ka gai da su tun suna da rai. Rubuta abin da su ka faɗa, da sunayen da su ka ambata, ka sa yaro ya ɗauki muryarsu. In kuwa ka ga wani yaro hannunsa yana ƙaiƙayi, kada ka kashe masa zuciya da gori. Ba cewa na yi ya bar makaranta ko sana'a ba, jikana yana nan yana karatunsa. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma a ke magani, amma sai in an sami wanda ya adana ta.

Tsohon nan na wajen Gwarzo jikinsa ya yi rauni ƙwarai, yanzu ba ya iya hawa babur. Sabon gurmin yana rataye a zaurena, daidai gefen da na mahaifina ya ke a da. In yaron ya tafi makaranta, wani lokaci da dare na kan saukar da shi, in ɗora sandararrun yatsuna a kan tsarkiya, in taɓa a hankali yadda ba wanda zai ji. Ba na fid da kome sai ƙara. Sa'an nan in mai da shi, in yi wa mahaifina addu'a. Allah ya gafarta masa, ya gafarta mana, ya sa 'ya'yanmu su fi mu sanin darajar abin da aka bar musu. Amin.